Wa Ke Tambaya, Wa Ke Amsawa? Nazari a Kan Jadawalin Shekara na Yara da Matasa

Gabatarwa

Kowace shekara, tsakanin Nuwamba da Disamba, majalisar dattawa ko kwamitin ilimin Kirista yakan zauna ya tsara jadawalin shekara mai zuwa. Akan fara da abin da hedkwata da gunduma suka aiko, a sa taron Zumuntar Mata, a sa godiyar kaka, a sa ranar tara kuɗin gini, a sa taron farkawa. In an gama, sai a duba inda ya rage a cusa makon yara, makon Birged, taron matasa da wasan Kirsimeti. A wurare da yawa aikin bai wuce a ɗauko takardar bara a canja kwanan wata ba.

A wannan darasi muna so mu ɗauki wannan takarda mu karanta ta yadda muke karanta kowane rubutun tauhidi, gama ita ma shaidar bangaskiya ce. Abin da ikkilisiya ta gaskata game da yara yana bayyana a ranakun da ta keɓe musu, da kuɗin da ta sa, da irin mutanen da ta danƙa wa aikin, fiye da yadda yake bayyana a wa'azin ranar yara. Kusan rabin mutanen Nijeriya ba su kai shekara 18 ba, kuma duk faston da ya tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi ya ƙirga kawuna ya san ikkilisiyarsa tana cikin wannan lissafi. Ra'ayinmu shi ne, jadawalin da aka saba da shi ya cika da taro amma ya gaza wajen reno. Kada kowa ya ga kamar sukar taron ikkilisiya rashin ladabi ne. Manzo Bulus da kansa ya gaya wa Korantiyawa cewa irin taruwar da suke yi tana jawo musu hasara maimakon riba (1 Korantiyawa 11:17).

1. Abin da ya cancanci yabo

Kafin gyara, sai a faɗi gaskiya. Yawancin waɗanda suke riƙe da aikin yara a ikkilisiyoyinmu ba a biyansu ko kwabo. Mata ne da samari waɗanda suke sayen alli da alewa daga aljihunsu, su bi gida gida suna tara yara don koyon waƙa. Da yawa daga cikin masu hidima na yau sun fara tsayawa gaban jama'a ne a makon yara, da rawar murya, suna karanta aya. A paretin Birged wasu suka koyi zuwa a kan lokaci da yin biyayya. A taron FCS na makarantar sakandare wasu suka ba da ransu ga Almasihu. Taron gunduma kuma shi ne yakan sa yaron ƙauye, wanda bai taɓa ganin Kirista fiye da hamsin a wuri ɗaya ba, ya gane cewa jikin Almasihu ya fi unguwarsu girma. A inda Kirista suke 'yan kaɗan, wannan ƙarfafawa ce babba.

Saboda haka ba cewa muke a soke bukukuwa ba. Allah ne da kansa ya kafa wa Isra'ila idodi uku a shekara. Tambayar ita ce, shin bukukuwanmu suna yin aikin da nasa suka yi?

2. An juya tambayar

Idan muka duba yadda aka kafa idodin Tsohon Alkawari, za mu ga abu ɗaya yana maimaituwa. A Fitowa 12:26-27, bayan an ba da ka'idodin Idin Ƙetarewa, an gaya wa iyaye cewa 'ya'yansu za su tambaye su ma'anar abin da suke yi, an kuma koya musu amsar da za su ba da. Haka yake a Fitowa 13:14 game da fansar ɗan fari, da Maimaitawar Shari'a 6:20 game da dokoki, da Joshuwa 4 game da duwatsu 12 da aka ɗebo daga Kogin Urdun. Idin Bukkoki ma haka aka gina shi: iyali su bar ɗaki mai rufi su zauna a bukka kwana bakwai (Littafin Firistoci 23:42-43). Wane yaro ne zai kwana a bukka alhali ga ɗakinsu a tsaye, bai tambayi dalili ba? An shirya idin ne domin ya ta da tambaya a zuciyar yaro, babba kuwa ya kasance da amsa. Da Yesu ya je Idin Ƙetarewa yana da shekara 12, a tsakiyar malamai aka same shi, yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi (Luka 2:46).

To, a dubi makon yara kamar yadda aka saba yinsa. Babba ne yake tsaye da takarda yana tambaya, yaro yana amsawa. Wanda ya ci a ba shi bokiti ko littafin rubutu, wanda ya faɗi a yi masa dariya. Uban da Littafi Mai Tsarki ya ɗora wa nauyin ba da amsa ya zama ɗan kallo, aikinsa tafi da liƙi. An juya tambayar gaba ɗaya.

Wannan juyi yana da sakamako uku. Na farko, yara biyar ko shida masu kaifin hadda su ne suke fitowa kowace shekara, sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, suna koyon cewa aikin Allah na masu ƙwaƙwalwa ne. Na biyu, gwaji yakan cinye makarantar Lahadi na makonni da dama kafin ranar, har a ajiye darasi don a koyi shiga da fita. Na uku, hadda takan rabu da fahimta. Yarinya za ta iya zuba sura sukutum da Turanci, majami'a ta ɗauki sowa, amma in aka ja ta gefe aka ce ta faɗi ma'anar aya ɗaya da Hausa ko da harshen gidansu, sai ta sunkuyar da kai. Ba mu raina hadda ba. Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan ƙarami, amma Bulus ya ce amfaninsu shi ne su ba shi hikimar da take kai ga ceto (2 Timoti 3:15). Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma fassara shi, ko Sabon Alkawari, cikin harsunan ƙabilunmu da dama. Mutanen da suka sha wahalar wannan aiki sun yi shi ne domin yaro ya ji maganar Allah a harshen da yake mafarki da shi. In aka zaɓi Turanci don kawai ya fi burge baƙi, to, an nuna wanda aka shirya taron dominsa.

3. Makonnin ƙungiyoyi da labarin bishara

Abu na biyu da muke gani a jadawali shi ne, ƙungiyoyi ne ƙashin bayansa. Akwai makon mata, makon maza, makon mawaƙa, makon matasa, makon Birged na maza da na mata, makon makarantar Lahadi. Kowace ƙungiya tana da ranar fitowarta da baikonta. Yaro zai iya girma ya san watan da ake makon kowace ƙungiya, amma bai san cewa kwana 40 bayan tashin Yesu daga matattu ya hau sama ba, bai kuma san abin da ya faru ranar Fentikos ba.

A dubi Kirsimeti da Ista. Wasan kwaikwayon haihuwar Yesu ana yinsa kowace shekara, har yaro ya yi makiyayi sau biyar, kuma sau da yawa Hirudus ne tauraron wasan domin shi ne mai ba da dariya. Amma makon shan wuyar Almasihu, wanda ya ɗauki babban kaso na kowace Bishara cikin huɗun, da wuya a ga an shirya wa yara wani abu a cikinsa. Ranar Jumma'a Mai Kyau manya suna ciki suna sauraron kalmomi bakwai na kan gicciye, yara suna waje suna guje-guje. Abin da matasa suka sani game da Ista shi ne fita zuwa Galili ranar Litinin da shinkafa da lemo. Fitar ba laifi ba ce, amma mutum nawa ne cikinsu aka zaunar aka gaya musu abin da ya faru a bakin Tekun Galili tsakanin Yesu da Bitrus wanda ya yi musunsa (Yahaya 21)? Ga darasin da saurayin da ya fāɗi cikin zunubi yake bukata, ga shi kuma an je har wurin an dawo ba a buɗe shi ba.

'Yan'uwanmu na Anglikan da na Lutheran sun gāji tsarin shekarar ikkilisiya a rubuce, daga jiran zuwan Almasihu har Fentikos. Waɗansunmu kuma ba su gāji wannan ba. Amma matsalar ta shafi kowa, domin abin da yake cikin littafin sujada ba lallai ne ya isa ajin yara ba. Ma'aunin shi ne wannan: in yaro ya bi jadawalinmu daga Janairu zuwa Disamba, labarin wa zai sani, na Yesu ko na ƙungiyoyinmu?

4. Kayan aro

Yawancin shirye-shiryen da muke yi mun gāje su ne daga wasu ƙasashe, kuma yana da kyau mai hidima ya san asalinsu. A 1780 Robert Raikes ya fara makarantar Lahadi a garin Gloucester na Ingila domin yaran talakawa da suke aiki kwana shida a mako. Lahadi ce kaɗai ranar da suke da ita, shi ya sa ya zaɓe ta, ya kuma haɗa koyon karatu da koyon Littafi Mai Tsarki. A 1883 William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi a Glasgow, ya ga samarin da suka fara girma sun gagari aji, sai ya kafa Boys' Brigade ya jawo su da pareti da horo. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta lokacin hutu ta taso a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da aka ga yara suna zaman banza a dogon hutunsu. A nan gida ma, FCS ta fara a Gindiri a 1957 domin ɗaliban da suka bar gida suka tafi makarantun kwana.

Kowanne cikin waɗannan ya dubi yaran wurinsa, ya ga damuwarsu, ya nemi amsa. Abin da ya faru a ikkilisiyoyi da yawa shi ne, an karɓi amsar an bar tambayar. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A ɗauki misalin makarantar hutu ta watan Agusta. A Jos ko Kaduna, inda yara suke zaune a gida, lokacin ya dace. Amma a ƙauye, Agusta tsakiyar damina ce. Ana maimai da huɗa, yaro ɗan shekara 10 ma'aikaci ne a gona ko makiyayin awaki, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, rafi yakan cika ya raba unguwa da majami'a. In aka kira yara daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar har kwana shida, 'ya'yan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa ne za su zo. Daga nan sai a hau bagade a zargi manoma da rashin kula da ruhaniyar 'ya'yansu, alhali laifin na mai tsara lokaci ne. Haka kuma makon yara da ake haɗawa da Ranar Yara ta ƙasa, 27 ga Mayu: 'yan makarantar kwana ba sa gida, masu rubuta WAEC suna tsakiyar jarrabawa, NECO kuma tana tafe a Yuni da Yuli. Hutun Ista yakan faɗo a tsananin zafi, lokacin ƙarancin ruwa da cutar sanƙarau, don haka cusa yara ɗari a ajin makaranta ɗaya su kwana ba ƙaramin haɗari ba ne.

Idodin Isra'ila sun bi shekarar manomi. Idin Makonni ya zo da girbin alkama, Idin Bukkoki kuma bayan an gama tattara amfanin gona. Allah bai kira mutanensa biki a kan lokacin da zai raba su da abincinsu ba. Ikkilisiyar ƙauye za ta iya mai da darasin hutu na yamma, awa ɗaya da rabi bayan an dawo daga gona, ko ta kai shi bayan girbi, ko ta yi amfani da daren farin wata, lokacin da yara suka saba taruwa a dandali tun kaka da kakanni. Ba dole ne tsarin birni da na ƙauye su zama ɗaya ba.

5. Ramin da ke tsakanin shekara 13 da 18

Wannan shi ne gibi mafi girma a jadawalin. Ana tara kowa daga ɗan shekara 3 zuwa ɗan shekara 14 a aji ɗaya, ana rera musu waƙa ɗaya. Zumuntar matasa kuma, a wurare da yawa, tana hannun mutane 'yan shekara 30 zuwa 40, masu aure da 'ya'ya, waɗanda zancensu kuɗin ƙungiya ne da gudummawar biki. Yarinya 'yar shekara 15 ta fi ƙarfin ajin yara, ba ta kuma da bakin magana a zumuntar matasa. Abin da ya rage mata shi ne ajin baftisma na 'yan watanni, wanda da an gama shi sai a ɗauka an sauke nauyi.

A daidai waɗannan shekaru ne kuwa ake yanke manyan shawarwari na rayuwa. A nan ake fara shan ƙwaya. Matsalar ta kai har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, tramadol kuma har yanzu yana yawo a unguwanni. A nan ake shiga caca ta waya, da satar jarrabawa, da cikin da ba a shirya ba. A nan kuma saurayin da ya ga an ƙone gidansu ko an kashe ɗan'uwansa a rikici yake yanke shawara ko zai yafe ko zai rama, yake kuma yanke shawarar yadda zai zauna da maƙwabcinsa Musulmi. Waɗannan samari suna da tambayoyi masu nauyi. In taron matasa na shekara bai wuce gasar waƙa, da ƙwallo, da baƙon mai wa'azi da zai yi musu tsawa a kan sutura ya tafi ba, za su kai tambayoyinsu wurin waya da abokai, za su kuwa sami amsa.

Taron kwana uku zai iya kunna wuta, amma ba ya iya riƙe ta. Wanda ya fito gaba ranar ƙarshe da hawaye yana bukatar wani babba da ya san sunansa, wanda zai neme shi bayan mako biyu. Jadawalin da ya rubuta ranar taro bai rubuta wanda zai bi sawu ba, ya rubuta rabin aiki ne.

6. Anko da kuɗin taro

Kowane taro yana zuwa da kuɗinsa: anko, riga mai rubutu, kuɗin rajista, kuɗin mota, gudummawar abinci. Uba mai 'ya'ya biyar, biyu a Birged, biyu a makarantar Lahadi, ɗaya a mawaƙa, zai biya sau biyar. Gwauruwa ba za ta iya ba. Iyalin da rikici ya kora daga garinsu suka zo suka raɓa da mu ba za su iya ba. 'Ya'yansu ba za su ce ba su da kuɗi ba, za su ce ba su da lafiya, su zauna a gida ranar da aka ce ranarsu ce. Yakubu 2:1-4 ya tsawata wa ikkilisiyar da take bambanta mai kyakkyawar riga da mai tsumma. Bambancin da ake yi da anko ya fi wancan ɓoyuwa, amma yaro yana jinsa sarai.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa a fili. A wasu wurare makon yara ya zama hanyar tara kuɗi. Ana ba yara ambulan su bi manya, ana gayyatar uban taro da uwar taro saboda aljihunsu, a ƙarshe kuɗin ya shiga asusun gini, ajin yara kuwa yana nan a gindin mangwaro babu benci. In yara ne suka tara, a bar su su ga abin da aka yi da shi. Ya fi kyau ma aikin yara ya sami layinsa a kasafin kuɗin ikkilisiya tun farkon shekara, kamar yadda albashin fasto da man janareta suke da nasu. Yesu ya ce mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Taro biyu da kowane yaro zai iya zuwa sun fi shida da rabin yaran za su kalla ta taga.

7. Amana

Iyayen da suka ba mu ɗansu na kwana uku sun ba mu amana ce. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna zaton Yesu yana cikin ayari (Luka 2:44). Kowa ya ɗauka yana hannun wani. Haka yaro yake ɓacewa a taron gunduma. A Taruwasa, Aftikos ya zauna a kan taga a bene na uku, wa'azi ya yi tsawo har tsakar dare, barci ya ɗauke shi ya faɗo (Ayyukan Manzanni 20:7-12). Bulus ya dakatar da wa'azin ya sauka wurinsa.

A zamaninmu haɗarin ya ƙaru. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a Afrilu 2014, waɗanda yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyar EYN ne, da sace ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist ta jihar Kaduna a Yuli 2021, babu mai hidimar da zai tara yara su kwana a wuri ya ce bai san abin da zai iya faruwa ba. Dole a tambaya: ina za a kwana, wa zai yi gadi, an sanar da jami'an tsaro da mai unguwa, wace hanya za a bi, da ƙarfe nawa? Loda yara a bayan tifa ko akori-kura don a rage kuɗin mota ba bangaskiya ba ce, gwada Allah ne.

Akwai haɗari na biyu wanda ba a son faɗa, wato na cikin gida. Taron kwana da gwajin waƙa na dare su ne wuraren da mai mugun nufi yakan sami dama, kuma sau da yawa mutum ne da aka sani aka amince da shi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro. Yesu kuwa ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe (Matiyu 18:6). Ka'idojin ba su da tsada: kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro, mata su kwana da 'yan mata, maza da samari, a rubuta sunan kowane yaro da lambar wayar iyayensa, a ƙirga lokacin tashi da lokacin dawowa, yara su san matar da za su kai wa ƙara. In abu ya faru, kada a rufe shi don kare sunan ikkilisiya. Sunan da aka kare da hawayen yaro ya riga ya ɓaci a gaban Allah.

8. Abin da za a ce mana

Wani zai ce, yara suna son biki, in aka rage za su tafi wata ikkilisiya. Gaskiya ne suna so, kuma farin ciki ba zunubi ba ne. A Nehemiya 8 an sallami jama'a su ci su sha su aika wa marasa shi, amma dalilin murnar shi ne sun fahimci maganar da aka karanta musu. A bar ganga da shinkafa, a ƙara fahimta, a kuma tuna da rabon marasa shi.

Wani zai ce, hedkwata ce ta aiko da ranakun. Biyayya ga shugabanni wajibi ce, amma hedkwata takan ba da rana da jigo ne, abin da za a yi a cikin ranar yana hannun fasto da dattawansa. In ranar ba ta dace da wurinku ba, akwai taron gunduma inda ake faɗar irin wannan da ladabi.

Wani kuma zai ce, ba mu da ma'aikata. Wannan shi ne ƙorafi mafi nauyi. Amma a lura, fasto shi ne wanda ya fi kowa horon tauhidi a ikkilisiya, shi ne kuma wanda ya fi kowa nisa da ajin yara. Sau nawa a shekara yake shiga? Almajiran Yesu sun ɗauka Malaminsu ya fi ƙarfin lokacin yara, shi kuwa ya ji haushinsu (Markus 10:13-16). In fasto ya keɓe yamma ɗaya a wata don horar da malaman makarantar Lahadi, ya yi aikin da ya fi taro uku amfani.

9. Yadda za a zauna a tsara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shawararmu ita ce a zauna tun Oktoba, kuma a zaman a sami iyaye maza da mata, malaman yara, malamin makarantar boko in akwai, da matasa biyu ko uku waɗanda za a bari su yi magana. A shimfiɗa kalanda uku gefe da gefe: ta bishara, daga Kirsimeti zuwa Ista zuwa Fentikos, ta gona, daga shuka zuwa girbi, da ta makaranta, da hutunta da jarrabawarta. A fara sa ta bishara, sa'an nan a nemi wa sauran tarurruka wurin da ba su ci karo da gona ko jarrabawa ba.

Kowane taro a yi masa tambaya huɗu kafin ya shiga takarda. Wace tambaya muke so ta taso a zuciyar yaro, wa kuma zai amsa ta? Wane yaro ne ba zai iya zuwa ba, me ya sa? Wa ke da alhakin tsaro? Wa zai bi sawu bayan an watse? Taron da ba a sami amsar waɗannan ba, a ajiye shi zuwa baɗi. A makon yara, a gwada juya kujerun: yara su rubuta tambayoyinsu, dattawa su zauna gaba su amsa. A ba iyaye 'yar takarda mai tambaya ɗaya da za a tattauna a gida bayan tuwon dare.

A ƙarshe, a riƙe rajista. Shekara tana da Lahadi 52, makon yara ɗaya ne cikinsu, kuma sauran 51 ɗin su ne suke nuna ko ana reno. Makiyayin da ke cikin Luka 15 ya san tunkiya ɗaya ta ɓata domin ya ƙirga. A ƙarshen kowace shekara, kafin a yaba yawan mutanen da suka zo taro, a ɗauko sunayen yaran da suke aji shekara huɗu da suka wuce, a karanta su ɗaya ɗaya a gaban dattawa, a tambaya ina kowannensu yake yau. Amsar da aka samu ita ce za ta nuna abin da ya kamata ya shiga jadawalin baɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku kawo jadawalin ikkilisiyarku na bana. Tarurruka nawa ne na yara da matasa, nawa ne kuma cikinsu suke da alaƙa da mutuwa da tashin Almasihu?

2. A wurin da kuke hidima, waɗanne watanni ne yara suka fi samun sarari, waɗanne ne kuma bai kamata a kira su taron safe ba?

3. Ku karanta Fitowa 12:21-28 da Joshuwa 4:1-9. Wane abu za ku iya yi a godiyar kaka ta bana wanda zai sa yaro ya tambayi iyayensa ma'anarsa?

4. Ku lissafa abin da iyali mai 'ya'ya huɗu ya kashe a tarurrukan ikkilisiyarku bara. Me za ku rage?

5. Ku rubuta ka'idoji biyar na kare yara waɗanda za ku kai gaban majalisar dattawa kafin taron kwana na gaba.